Haƙorina na ciwo a Kanada, ko shirin inshorar gwamnati zai ɗauke ni?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan shirin kula da haƙora na gwamnatin tarayyar Kanada, wanda ake kira CDCP. Turmina na ƙasa ya yi rami, da dare ba ya barina barci. Katin lafiyar lardinmu bai ɗaukar aikin haƙori, kuma kuɗin da aka yanka mini a asibiti ya fi ƙarfinmu. Abin da muke samu ni da maigida a shekara bai kai dala dubu 70 ba, ga yara. Damuwata ita ce an taɓa yi wa maigida tayin inshorar haƙori a wurin aikinsa, ya ƙi karɓa saboda abin da za a riƙa cira daga albashinsa. Shin wannan zai hana mu? In an ɗauke mu, kyauta ne gaba ɗaya? Ko in je a cire shi kawai in huta?

Wata mai aikin karɓar marasa lafiya a asibitin haƙori:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Sharuɗɗan su ne: kina zaune a Kanada a matsayin mai biyan haraji, ke da maigida kun cike takardar harajin bara, kuɗin shigar gidanku bai kai dala dubu 90 ba, kuma ba ki da hanyar samun inshorar haƙori ta kamfani. Na ƙarshen nan ne ke kayar da mutane. Gwamnati ba ta duba ko mutum ya karɓa, tana duba ko an buɗe masa ƙofa ne. Wanda aka yi wa tayi ya ƙi, a wajensu yana da inshora.

Amma kada ki karaya tukuna. Ɗauko takardar T4 ta maigida, wato takardar albashi da haraji da wurin aikinsa ke ba shi kowace shekara, ki dubi lambar da ke akwati na 45. In an rubuta 2, shi kaɗai tayin ya shafa, ke da yara kuna iya nema. In 3 ne, ya haɗa ku duka. In 4 ne, ku biyu ne, yaran na waje.

Wani dattijo mai ritaya:
'Yata, zancen "kyauta" nake so in ja miki kunne a kai. Mu tsofaffi aka fara buɗe wa shirin a Disambar 2023, aka fara ganin likita da shi a Mayun 2024, sai a Mayun 2025 aka buɗe wa masu shekara 18 zuwa 64. Mai samun ƙasa da dubu 70, shirin na biyan kashi 100, amma na farashin da shi shirin ya ƙayyade. Likita na iya cajin abin da ya fi haka, bambancin kuma daga aljihunki zai fito. Ni da na je a yi mini haƙoran roba, sai da na ciko da nawa kuɗin. Daga dubu 70 zuwa ƙasa da 80 mutum na biyan kashi 40, daga 80 zuwa ƙasa da 90 kashi 60. Kafin ki hau kujerar likita ki ce a rubuta miki nawa Sun Life, kamfanin inshorar da ke gudanar da shirin a madadin gwamnati, za ta biya, nawa ya rage a kanki. Kuma kowace shekara sai an sabunta, ba a shiga sau ɗaya a kwanta.

Wani matashi:
Anti, ni dai cirewa ta fi sauƙi. An gama, babu dawowa.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Haba ƙanena, turmi fa ka ce a cire kamar wasa. In ya fita, na kusa da shi sukan karkata zuwa giɓin, tauna ta gagara, kuma maye gurbinsa ya fi ciko tsada nesa ba kusa ba. Shirin na ɗaukar dubawa, hoto, wanki, ciko da aikin jijiya. Hular haƙori, wato murfin da ake sa wa haƙorin da ya lalace, ita ce sai an nemi izinin shirin tukuna. Likita ne zai faɗi ko haƙorin zai cetu. Sai dai Yaya, in kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya ta fara yi miki wuya, kada ki jira wani kati, ki tafi sashen gaggawa a daren. Ruɓar haƙori na iya bazuwa zuwa wuya. Kuma ki lura, aikin da aka yi kafin ranar da inshorarki ta fara ba a biyansa.

Wani mazaunin ƙauye a arewacin ƙasar:
Ku na birni kuna maganar kashi nawa, mu nan likitan ne babu. An ware wa shirin dala biliyan 13 na shekara biyar a kasafin 2023, na yaba, domin da can talaka sai ciwo ya kai shi asibiti ake kallonsa. Amma kati ba ya cike rami. Sai na yi tafiyar sa'o'i kafin in ga likita, kuma ba kowane asibiti ke karɓar shirin ba. Ki buga waya ki tambaya kafin ki kama hanya. In kina kusa da jami'a mai koyar da aikin haƙori, ɗalibai na yi da rahusa ƙarƙashin malamansu, sai dai a yi haƙuri da jira.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, 2 aka rubuta. Yanzu zan cike takardar neman shiga ta intanet a shafin Service Canada, ofishin hidimomin gwamnatin tarayya, ni da yara. Shi kuma maigida gobe zai je ofishin ma'aikata ya ji ko za a bar shi ya shiga ta wurin aikin. Babu kumburi, alhamdulillahi. Baba, in sun ƙi rubuta mini farashin kafin aiki fa?

Dattijon:
Sai ki nemi wani asibitin, 'yata. Akwai jerin likitocin da ke karɓar shirin a shafin Sun Life.