Su wa suka tsadar da Plagwitz? Rigima a kan kalmar "baƙi"

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Na dawo daga aikin dare na tarar da wasiƙar mai gida a akwati, wai ƙarin kuɗin haya, karo na biyu ke nan. Shekarata 18 a unguwar Plagwitz, nan birnin Leipzig a Jamus. Lokacin da na zo gidaje ne birjik ba kowa ciki, tagogi a farfashe, ciyawa har kan rufi, kusan roƙonka ake ka shiga. Yanzu duk inda ka waiwaya masu zane-zane ne, daga Amurka, daga Landan, daga Koriya, sun cika tsohon kamfanin zaren audugar nan Spinnerei, kowa da kekensa da kofin gahawarsa. Mutum ya watsa fenti a ƙyalle a ce dubban yuro. Wallahi baƙin nan ne suka cinye mana unguwa.

Maman Ilham: Baƙi kuma? Haba Yaya. Mu da ake yi wa kallon banza a jirgi saboda fatarmu, yau kai ma ka bi sahu?

Ɗan Fagge: Ƙanwata ki karanta da kyau. Jam'in baƙo nake nufi, ban yi maganar launin fata ba. Mafi yawansu ma farare ne tas.

Bazazzagi: To ai wannan ya fi muni. Kai ɗan gari ne? A jihar nan ta Saksoni aka yanke wa kakanka cibiya? Bakano dai ba ya jin kunya, ya je garin mutane ya shimfiɗa tabarma, wanda ya zo bayansa ya zama baƙo.

Ɗan Fagge: Shekara 18 ina biyan haraji a garin nan. Wanda ya zo zaman wata uku da kuɗin tallafi ya koma, ni da shi ɗaya ne?

Bazazzagi: A idon tsohuwar da ke leƙenku ta labule, ɗaya kuke.

Hajiyar Dresden: Ni dai abin da na sani, kalmar nan da ita masu ƙin jininmu suke yaƙin neman zaɓe a jihar nan. Bai kamata ta fito daga bakin ɗanmu ba, ko da wasa.

Maman Ilham: Shi ne dai Hajiya. Kuma da ya so ai sai ya rubuta "'yan ci-rani".

Ɗan Damagaram: 'Yan ci-rani mu ne, Maman Ilham. Wanda ya zo da fasfon Amurka ba a ce masa ɗan ci-rani, ko da kwano ya zo.

Ɗalibi: Ku yi haƙuri manya, in ɗan sa baki. Spinnerei ɗin ma a unguwar Lindenau take, kan iyaka da Plagwitz. An kafa ta a 1884, zuwa 1907 babu kamfanin zaren da ya kai ta girma a ƙasashen Turai in aka cire Ingila, ma'aikata sun kai 4,000 a lokacin da take ganiyarta. Har gonakin auduga ta yi a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, zamanin mulkin mallakar Jamus. Bayan haɗewar Jamus ta durƙushe a 1993. Garin kansa ya zube, mutane suka yi ta ƙaura zuwa Yammacin Jamus, a 1998 mazauna sun ragu zuwa wajen 437,000. Masu zane sun shiga waɗannan kangwaye ne saboda ba mai so. A 2005 manyan gidajen sayar da zane-zane suka tare a ciki, yanzu ɗakunan aikin masu fasaha sun haura 100. Garin kuma ya wuce mutum 600,000. Amma Yaya, Porsche ta buɗe masana'anta a 2002, BMW a 2005, DHL ta mayar da cibiyarta filin jirgin Leipzig da Halle a 2008. Wa ya fi jawo mutane, su ko masu fenti?

Ɗan Fagge: Kai yaro, ban nemi lacca ba. Lindenau ko Plagwitz, a ƙafa nake zuwa wurin.

Bazazzagi: Ka ga an taɓo inda yake aikin dare, ya fara hayaniya.

Ɗan Fagge: Tunda hujja kuke so, ga ta. Neo Rauch, babbansu, a 2019 wani mai sharhi ya soke shi a jarida, shi kuma ya rama da zanen wani mutum yana shafe-shafe da najasa, a gafarce ni. Aka yi gwanjonsa, yuro 750,000. Wa ya saya? Wani hamshaƙin mai harkar gine-gine. Kun ga bakinsu ɗaya ke nan.

Ɗalibi: Yaya, Neo Rauch a Leipzig aka haife shi, 1960, a makarantar fasaha ta garin ya yi karatu. In shi baƙo ne, to babu ɗan gari. Kuma gwanjon na sadaka ne.

Maman Ilham: Hahaha, ya ɗauko sanda ya maka wa kansa.

Ustaz: Subhanallah. Kuna ta musu a kan kuɗin zane, ba wanda ya tambayi hukuncin zana abu mai rai. Hadisai a kan masu sura sanannu ne. Ni ko kyauta aka ba ni ba zan rataye a ɗakina ba.

Hajiyar Dresden: Malam, hoton da ke kan lambarka fa? Har da rawani.

Ustaz: Hajiya, na kyamara daban, na hannu daban. Malamai sun yi bayani.

Ɗan Damagaram: Ba duka malamai ba.

Ustaz: Kawo sunan littafi.

Ɗan Damagaram: Kai ka fara kawowa.

Ɗan Zongo: Ku bar wannan. Ni abin da ya ɓata min rai shi ne "watsa fenti a ƙyalle". Ɗanmu Ibrahim Mahama na Tamale, a 2017 ya lulluɓe tsofaffin gine-ginen ƙofar gari a Kassel da buhunan da aka yi dakon koko da gawayi da su, lokacin documenta, babban baje kolin fasaha da ake yi a garin. Buhun da muke takawa a kasuwa. Da abin da ya samu ya koma gida ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, yara suna shiga. Shi ma baƙo ne da ya cinye unguwa?

Ɗan Fagge: Buhu? An biya shi a kan buhu? To ni me nake yi a Jamus, ga Dawanau cike da su.

Bazazzagi: Ku 'yan Gana da abu kaɗan sai tutiya. Wanda ya shugabanci documenta gaba ɗayanta a 2002 ɗan Najeriya ne, Okwui Enwezor, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi. Daga 2011 zuwa 2018 shi ke riƙe da gidan baje kolin fasaha na Haus der Kunst a Munich. Mai gida da mai buhu ba ɗaya ba.

Ɗan Zongo: Yau kuma Ibo ya zama naka? Jiya a nan me ka gama faɗa a kansu?

Bazazzagi: A waje duk ɗan Najeriya nawa ne.

Ɗan Garwa: Naku ya rasu tun 2019, Allah sarki. Namu yana kan kujera. Bonaventure Ndikung na Kamaru ke shugabantar cibiyar al'adu ta Haus der Kulturen der Welt a Berlin tun 2023.

Maman Ilham: Ikon Allah. An tashi daga kuɗin haya an koma gasar ƙwallon Afirka.

Anti Nas: Ɗan Fagge, kafin ka sa hannu a wasiƙar nan ka duba. A Leipzig doka ta hana ƙarin da ya wuce kashi 15 cikin 100 a shekara 3, kuma ba a wuce mizanin hayar unguwa da hukumar gari take fitarwa. Ka kai wa ƙungiyar 'yan haya su duba maka, ba yau-yau ake amsawa ba.

Ɗan Damagaram: Wai shin a Hausar kirki ma "baƙi" ake cewa ko "baƙunci"?

Bazazzagi: Wanda ke rubuta "tch" a madadin "c" zai koya mana Hausa?

Ɗan Damagaram: Mu dai ba mu cewa "shago ya yi close".

Shugaban zaure: To jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. An yi ittifaƙi cewa Ɗan Fagge ya yi kuskure da ya kira masu fasaha baƙi, kuma ya gane. An tabbatar masu zane ba su da hannu a tsadar haya, alheri ma suka kawo wa garin, ni shaida ne tunda 'yata tana koyon aiki a ɗaya daga gidajen zanen nan. An kuma yarda cewa a harkar fasaha a Jamus Najeriya ce kan gaba. Maganar Ustaz a kai ta majalisin ranar Lahadi. An rufe.

Ɗan Zongo: Ranka ya daɗe, su wa suka yarda?

Ɗan Fagge: Ni ban gane komai ba, ban kuma janye ba. Anti Nas, kashi nawa kika ce? Bari in ɗauko wasiƙar.