Abokan yaro da karatunsa: shawarwarin da aka tattara

Da iyaye da malaman firamare suka tattauna batun abotar yara, shawarar farko ita ce kada a tada hankali don yaro ya ƙi wasa da 'yan mata, ko yarinya ta guji maza. Rabuwar tana somawa tun wajen shekara 3. Binciken masana halayyar ɗan'adam Eleanor Maccoby da Carol Jacklin a Amurka ya nuna cewa a shekara 6 da rabi, wasan yaro da jinsinsa ya ninka wasansa da ɗaya jinsin kusan sau 11.

An fi daɗewa kan yadda kowa ke ƙulla abota. Maza kan yi babban gungu, mata kuwa ƙawa ɗaya ko biyu, ƙut-da-ƙut. Shi ya sa idan yarinya ta ɓata da aminiyarta za ka gan ta shiru a ƙarshen benci, littafi a buɗe, alƙalami ko motsi ba ya yi. Ya kamata malama ta fara binciken ƙawar kafin ta tuhumi ƙwaƙwalwar. Wannan kam ya kwanta mini a rai.

Yaron da 'yan aji suka ware kuwa yakan soma ƙin makaranta. Don haka malami ya riƙa haɗa rukunin aiki da kansa, domin idan aka bar wa yara zaɓi, kullum mutum ɗaya ake bari tsaye.