Gyaren da tarantula ta ƙi ci: a cire shi ko a bar shi?

Sabon shiga: Assalamu alaikum. Tarantulata, wato babban gizo-gizon nan mai gashi da nake kiwo, 'yar Meziko mai jan gwiwa, yau kwana uku da na jefa mata gyare biyu, ko motsi ba ta yi musu ba. Ni dai ina ganin a bar su. A daji wa yake kwashe mata ƙwari? Ranar da yunwa ta kama ta za ta ci.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire su yau ɗin nan. A daji gyare yana da wurin zuwa, a akwatin gilashi kuwa ka kulle su ne tare. Duba bayan cikinta. Idan inda gashi ya zube ya yi baƙi yana sheƙi, saɓa take shirin yi, shi ya sa ta ƙi abinci. In lokacin ya zo, rigingine take kwanciya a kan shimfiɗar da ta saƙa, ta ɗauki sa'o'i tana zare jiki daga tsohuwar fata. A nan jikinta laushi ne, fiƙoƙinta farare, ba ta iya kare kanta. Gyare mai yunwa zai gaigayi ƙafa ko ciki, kuma in cikin ya huje ruwan jikinta ya zuba, da wuya ta tashi.

Mai 'yar Chile: Malam, ban musa haɗarin ba, amma ana tsananta dokar nan ta cire abincin da ba ta ci ba bayan awa 24. Tawa takan yi wata da watanni ba ta ci ba, ba kuma saɓa take yi ba, haka jinsinsu yake. In kullum zan buɗe murfi ina farautar gyare, na fi gyaren takura mata, har ta riƙa kakkaɓo gashi. Ɗan yankin karas nake ajiyewa, ya ci ya ƙyale ta.

Tsohon hannu: Hajiya, karas ba ya ɗaure gyare. Kuma in ya kwana biyu cikin danshi sai fumfuna.

Mai ƙanana: Ni na rasa guda, har yanzu abin yana damuna. Babbar tsutsar nan da ake sayarwa a shagon dabbobi na jefa, ta nutse cikin ƙasa, na ɗauka an cinye ta. Bayan makonni ta fito baƙin ƙwaro, daidai lokacin da ɗan gizon yake saɓa. Tun daga ranar, tsutsa ko kyankyason dubiya, sai na murƙushe kansa da hantsaki kafin in saka. Yana motsi, amma ba ya haƙa. 'Yan ƙanana ma matacce nake ba su, suna ci.

Sabon shiga: Na duba, cikin ya yi baƙi kuwa. Na kama ɗaya, ɗayan ya shige ƙarƙashin ɓawon itacen da take ɓuya. In ɗaga?

Tsohon hannu: Kada ka ɗaga. Sa karas a ɗan kofi a can gefe, ka kashe fitila, ka jira da hantsaki. Da dare yake fitowa.

Mai 'yar Chile: To Malam, ga karas ɗin ya yi rana.

Tsohon hannu: Tarko na ce, Hajiya, na dare ɗaya. Kai kuma ƙanena, ka cika mata kwanon ruwa, kuma bayan saɓar kada ka sake jefa komai sai fiƙoƙin sun koma baƙi wuluk. Babba takan kai mako biyu.