Mama na son ajiye maganin sukari ta koma ƙwayar kiranberi

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Mahaifiyata shekara shida ke nan tana fama da ciwon sukari, tana shan metformin safe da yamma. Makon jiya ƙanwarta ta dawo daga Amurka da kwalba biyu ta ƙwayar kiranberi, wai tana sauke sukari. Tun ranar Mama ta kafe, ta ce maganin asibiti ɓata mata ciki yake yi, gara wannan tunda ɗan itace ne. Kafin karin kumallo na'urarta ta awon sukari na nuna 160 zuwa 180. Na rasa ta cewa, kun san uwa ba a yi mata musu gaba da gaba.
Uwar Biyu, Tudun Wada

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada Mama ta ajiye metformin ko na kwana ɗaya ba da sanin likita ba. Kiranberi ɗan itace ne ja mai tsami, ana noma shi a Amurka da Kanada. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne rage yawan dawowar ciwon mafitsara ga mata, domin yana hana ƙwayoyin cuta mannewa a jikin mafitsarar. Batun sukari kuwa, binciken da aka yi ƙanana ne, kuma bai isa ya tsaya a matsayin magani ba. Mai ciwon sukari ana so awonsa na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, kin ga ko da maganin ma awon Mama bai sauko can ba. Ɓacin cikin kuma sanannen abu ne ga metformin. Ta riƙa sha tare da abinci, sannan akwai nau'in da ke narkewa a hankali, likita zai iya sauya mata.

Baban Yara, Kawo: Ki duba ko tana shan warfarin, maganin tsinka jini, domin ana gargaɗi kan haɗa shi da kiranberi. Mai tsakuwar ƙoda ma ana ce masa ya yi hattara.

Hajiya, Unguwar Rimi: Ni lemon kiranberi na kwali na taɓa saya a wani kanti, na ɗauka na yi dabara. Ashe tsananin tsaminsa ya sa ake zuba masa sukari kamar zoɓon biki. Na'urata ce ta tona asiri washegari. Shawarata 'yata, ki fara shawo kan Anti, ita ce ta kawo, ita Mama za ta fi jin maganarta. Ku tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Uwar Biyu: Allah Ya saka da alheri. Ba ta shan warfarin. Na kira Anti, ta yarda mu raka Mama wajen likita ranar Alhamis, kwalbar kuma na ɓoye ta a ɗakina kafin nan.