"Vite kayan yara ne": yadda aka kwashe daren Laraba a zauren masu kod

Nura: Salamu alaikum. Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Wata biyu kuna damuna a zauren nan, Nura bar Create React App, Nura koma Vite, wai shi ne sabon kayan haɗa shafukan yanar gizo. Na ji maganarku. Shekaranjiya na kwashe aikin shafin wata makaranta na mayar. Fayil sama da 40 na sauya wa suna daga .js zuwa .jsx, na fito da index.html daga foldar public, duk inda REACT_APP_ yake na mayar VITE_, process.env ya koma import.meta.env. Na buga npm run dev, shafi ya buɗe a 5173 kamar walƙiya, har na yi hamdala. To yanzu in gyara rubutu in danna Ctrl+S, burauza ko gezau. F5 ma tsohon shafi yake kawo min, sai na kashe saba (server ɗin da ke nuna shafin) na sake kunnawa. Asabar zan miƙa aikin mutane. Ni dai na gama magana: Vite kayan yara ne. Webpack, wanda Create React App ke aiki da shi, bai taɓa yi min haka ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Yaya Nura, su wa kake nufi da yara?

Habu: An fara 😂

Nura: Ban kama sunan kowa ba.

Sadiq: Ai ba sai ka kama ba. Mu ne muka ba ka shawara, kenan mu ne yaran. Evan You da ya ƙirƙiro Vue shi ya fito da Vite a 2020, shi ma yaro ne? SvelteKit da Nuxt da Astro duk a kansa suke zaune. Har masu React da kansu sun sanar a Fabrairun 2025 cewa sun jingine Create React App. Su ma yara ne?

Oga Bala: Sadiq a hankali. Ko kai ka san Nura bai yi ƙarya ba. Webpack tun 2012 yake. Lokacin da muke rubuta webpack.config.js da hannu, layi bayan layi, wasunku ba su gama sakandare ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sadiq: Ranka ya daɗe, da girmanka, amma shekaru ba hujja ba ne a kod.

Maryam: Malam Nura, a ina foldar aikin take, kuma daga wace tasha (terminal, inda ake buga umarni) kake buga npm run dev?

Oga Bala: Hujja kake so? Ga ta. Vite 5 da kuka sani, abin da yake nuna maka lokacin aiki daban, abin da yake haɗawa ranar sakin shafi daban. Can esbuild ne da fayiloli ɗaiɗai zuwa burauza, nan kuma Rollup. Na ga wanda komai ke tafiya lafiya a kwamfutarsa, ya buga npm run build ya ɗora, shafi ya fito fari fat saboda wani tsohon ƙunshin kod mai require. Webpack abin da ka gani da rana shi za ka gani da dare. Wannan shi ne kayan manya.

Sadiq: Wane ne mutumin? Wane ƙunshi?

Oga Bala: Ba zan tona asirin kowa ba.

Habu: Wato babu shi.

Oga Bala: Habu ba da kai nake ba.

Isuhu Damagaram: Sannunku da hira. Ni gyara ɗaya gare ni. A saƙon murya da Sadiq ya turo makon jiya na ji yana cewa "Bait". Ba haka ba ne. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta da sauri, kuma "vit" ake faɗi. Ku 'yan Najeriya komai sai kun ja shi zuwa Ingilishi.

Habu: To Musye Isuhu, mun gode. Bait ɗin dai muka iya.

Isuhu Damagaram: A shafinsu ma sun rubuta yadda ake furtawa. Mutum yana kare abu bai san sunansa ba, ai dole a ce masa yaro.

Sadiq: Haba Malam Isuhu, har da kai? Kai da ko React ba ka taɓawa, kullum kana kan Laravel.

Isuhu Damagaram: Laravel ɗin ma tun 2022 ya ajiye Mix, tsohon kayan haɗawarsa, ya ɗauki Vite. Ina amfani da shi kullum, kuma da sunansa na gaskiya nake kiransa.

Sadiq: Ka gani! Ashe hujjata ka ƙara. Oga Bala, Laravel ma yara ne?

Oga Bala: Ni ban ce Laravel ba.

Nura: Jama'a ni fa shafina ne ba ya motsi.

Habu: Yaya Nura tsakani da Allah ka sayi Mac ka huta. Ni tun da na koma ban san wani abu wai shi shafi ya ƙi sabuntawa ba.

Kabiru Admin: Habu kullum maganarka kenan. Ba kowa ne yake karɓar albashi da dala ba. Ubuntu kyauta ne, kuma ya fi.

Habu: Ubuntun da kwanaki ka shigo nan kana kukan kuskuren ENOSPC?

Kabiru Admin: Wannan layi ɗaya ne ya gyara shi. Adadin fayilolin da inotify ke iya sa wa ido ne ya cika, na ƙara max_user_watches, shi kenan. Kai kuma da cajarka ta ƙone sati biyu ka yi kana aro.

Habu: Wutar unguwarmu ce ta ƙona ta, ba Mac ba.

Oga Bala: Mu dawo kan magana. Ni "yara" da Nura ya ce, fahimtata ba shekarun mutum yake nufi ba. Nufinsa abin bai nuna ba, ɗanye ne.

Sadiq: In ɗanye yake nufi ya ce ɗanye. Hausa ba ta ƙare masa ba. Kuma tunda ana maganar nuna, wa ya manta 2021? Node 17 (manhajar da kayan nan ke gudana a kanta) ya fito da OpenSSL 3, duk mai webpack 4 ya wayi gari da error:0308010C, saboda webpack yana dogaro da MD4 da aka rufe. Zauren nan kaf an koma liƙa --openssl-legacy-provider kamar laya. Oga kai ma ka liƙa, ina da hoton saƙonka. Sai webpack 5 ya zo ya cire kayan Node da yake cusa wa burauza da kansa, wanda ya hau react-scripts 5 ya ga crypto da buffer sun ɓace. Wannan ne nunannen?

Oga Bala: Wancan laifin Node ne.

Sadiq: In webpack ya fashe laifin Node ne, in Vite ya yi tari laifin yara ne. Mun ji.

Oga Bala: Ka iya bakinka, Sadiq. Ni na koya maka git.

Sadiq: Ban musa ba, Allah ya saka da alheri. Amma gaskiya ɗaya ce.

Maryam: An bar jaki ana dukan taiki. Malam Nura, na sake tambaya: buɗe tashar ka buga pwd ka turo abin da ya fito. Sannan ka duba konsol na burauza, akwai "[vite] connected."?

Isuhu Damagaram: Kuma ma ku daina haɗa abu biyu. Sake loda shafi gaba ɗaya daban, HMR daban. HMR guntun da ka gyara kaɗai yake musanyawa, abin da ka cike a fom yana nan. Nura cewa ya yi "ko gezau", to wanne ne bai yi ba?

Habu: Musye ya dawo da gyaran kalmomi.

Isuhu Damagaram: Da kun iya kalmomi da ba a kai ƙarfe goma sha ɗaya ana faɗa kan "yara" ba.

Nura: Malama Maryam yi haƙuri, na je sallah. Connected yana nan. pwd ya ba ni /mnt/c/Users sai sunana sai Desktop. Node 16 ne a Windows ɗina, na ƙi ɗaga shi saboda kuskuren OpenSSL ɗin nan a tsofaffin ayyukana. Vite 5 ya ce sai 18 zuwa sama, shi ne na sa Ubuntu ta WSL2, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, na zuba Node 20 a ciki. VS Code kuwa a Windows nake buɗe shi kamar kullum.

Maryam: To ga ta nan. Saba tana cikin Linux, fayilolin suna ɓangaren Windows, kuma manhajar Windows ce take gyara su. A WSL2 labarin an taɓa fayil ba ya tsallakowa daga /mnt/c zuwa Linux, don haka Vite bai ma san ka yi sebin ba, shi ya sa F5 ke ba ka tsoho. Layinsa da burauza lafiya lau yake. Da webpack ka kunna a wurin, haka zai yi maka. Ka kwashe aikin zuwa foldar home ɗinka ta Ubuntu, ka goge node_modules ka sake npm install, ka buɗe da code . daga can. In ba za ka iya yau ba, sa usePolling: true a ƙarƙashin server.watch cikin vite.config.js. Zai riƙa leƙa fayilolin da kansa, amma zai ci batir, fanka za ta yi ta kuka.

Kabiru Admin: Na faɗa! Windows ne.

Habu: Na faɗa! Mac.

Oga Bala: Malama Maryam, "da webpack ma haka zai yi" ɗin nan zato ne. Nura da bakinsa ya ce bai taɓa yi masa ba.

Maryam: Saboda a PowerShell yake kunna shi, Oga. Masu Create React App a Docker kan Windows ai sun san CHOKIDAR_USEPOLLING da WATCHPACK_POLLING, ciwo ɗaya ne.

Oga Bala: Duk da haka. Kayan da zai tilasta maka sauya Node, ka sauya suna fayil 40, ka sauya tasha, ba kayan mai iyali ba ne.

Sadiq: Yanzu kuma daga yara mun koma gwauraye.

Habu: 😂😂 Sadiq ka yi aure kawai a huta.

Sadiq: Yaya Nura dai ya janye kalmarsa.

Nura: Na sa usePolling, ya fara motsi, amma laftof ɗin kamar injin markaɗe, kuma an ɗauke wuta. Gobe zan gwada kwashewar. Batun janyewa kuma, ni ban zagi kowa ba.

Sadiq: Ba a janye ba kenan.

Kabiru Admin: To dare ya yi, ga taƙaitawa don waɗanda za su tashi su tarar da saƙo rututu. Nura ya kawo ƙorafi kan Vite, bincike ya nuna Vite ba shi da laifi ko na sisin kwabo, matsalar Windows ce, kamar yadda na daɗe ina faɗa a zauren nan. An yi ittifaƙi cewa zamanin webpack ya wuce, Oga Bala ma bai kawo hujja ba sai labarin wani mutum marar suna. Maganar Mac ba ta samu goyon baya ba. Mafita ita ce a goge Windows a sa Ubuntu, wanda yake so ya kawo laftof ɗinsa ranar Lahadi in sa masa. An kuma yi gyara kan furta sunan, mun gode Malam Isuhu. Kalmar "yara" an hana ta daga yau.

Maryam: Ni ban ce a goge Windows ba.

Oga Bala: Wane ittifaƙi? Da wa aka yi?

Kabiru Admin: Na rufe zaure sai da safe.