In biya kuɗin koyon Latin kafin tafiya Rasha, ko in jira?

Ƙanwarku: Salamu alaikum yayyena. Na samu gurbin karatun likitanci a Rasha, tafiya watan Satumba. An ce shekarar farko Latin dole ne. Wani malami ya ce zai koya mini ta waya, wata biyu, dubu 40. In biya ko in bari sai na je? Canjin ƙarshen kalma ne ya firgita ni: nan musculus, can musculi.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. In kin yi nahawu a islamiyya, i'irabi ne. Larabci na da raf'i, nasabi da jarri, Latin kuma shida. Musculi na nufin "na tsoka", ko jam'in tsoka.

Yayan Ɗalibai: Malam, da ganin amsarka ba ka zauna jarrabawarsu ba. Sunaye rukuni biyar ne, na uku shi ya kayar da ni. Cor, zuciya, ya koma cordis a siffar mallaka, wato "na zuciya". Caput, kai, ya koma capitis. Na haddace sunaye ɗaruruwa ba tare da siffar mallakarsu da jinsinsu ba. Ranar gwaji na rubuta ligamentum longus, malamar ta ja jan biro, wai longum ne, don jinsi uku ne da su: longus, longa, longum, duk ma'anarsu "dogo". Sau biyu ina maimaita gwajin nan cikin sanyin Disamba, kuɗin abinci ya ƙare, gida kuma suna ta cewa wasa nake.

Ɗan Kurmi: Dubu 40 ai tsada. Ƙanina 15 ya biya.

Uwar Biyu: Ina? Ni 70 na biya wa 'yata, kuma a rukuni na biyu suka tsaya.

Mai Shayi: Ni fa na ɗauka Vena Cava, babbar jijiyar jinin nan mai kaiwa zuciya, ɗan ƙwallon Italiya ne.

Malamin Nahawu: Hausa ma haka take, dogo da doguwa. Wanda ya fahimci ƙa'ida ya huta da hadda.

Yayan Ɗalibai: Ƙanwata, ki saurari wanda ya je. Rashanci ma sauyin shida ne, shi za ki fara da shi, da shi za ki sayi burodi.

Uwar Biyu: Wai ta hannun wane dillali kika samu gurbin? Namu ya rantse da Turanci ake koyarwa har ƙarshe, ya karɓi kuɗin masauki, yarinya ta isa babu ɗaki.

Ɗan Kurmi: Hajiya, ya ba ki rasit?

Ƙanwarku: To ni malamin nan, in biya shi?