Ƙaramin gidan abinci a lungun Shanghai: me kuka ci, me kuka bari?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Watan gobe in sha Allah zan je Yiwu ta ƙasar China sarin kaya, kuma zan kwana biyu a Shanghai kafin in juyo. Waɗanda suka taɓa cin abinci a ƙananan shagunan unguwa, ba na otal ba, don Allah ku ba mu labari.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Alhaji, zaƙi ne zai fara ba ka mamaki. Ni na shiga wani ɗan shago mai tebur shida, miji na girki, matar na kai wa mutane. Aka kawo mini ruwan zafi a kofi, sannan kifin da suke kira xun yu: an soya shi, an tsoma a romon waken soya da sukari, a ci da sanyi. Bakin da ya saba da daddawa da attaruhu sai ya tsaya cak. Amma a loma ta uku na gane daɗinsa, har ƙaya na tsotse. Matar ta ga ina fama da tsinken cin abinci, ba ta ce komai ba ta ajiye mini cokali.

Ɗaliba a Shanghai: Baba, ka yi haƙuri zan ɗan yi gyara, don abin ya daɗe yana damuna. Shekarata uku a nan. 'Yan'uwanmu suna haddace "wo bu chi zhurou", wato ba na cin naman alade, su ɗauka shi ke nan. Bai isa ba. Xiaolongbao, ƙullin fulawar nan da ake turarawa a kwandon gora, romon da ke cikinsa daga fatar alade ake samo shi: a dafa ta, a bari ta huce ta daskare, a cusa, tururi ya narkar da ita. Ko an ce maka na ƙaguwa ne, yawanci da alade aka haɗa. Cai fan kuma ido zai nuna maka shinkafa da ganye, alhali da kitsen alade ake gyara ta. Sai giyar shinkafa ta Shaoxing, wadda ake zubawa a kifi da kaza don kashe ƙarni. Kifin da ka ci ma sau da yawa ana sa masa. Ba yaudara suke yi ba, a wajensu kayan miya ce, shi ya sa ba sa ambata sai ka tambaya.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari: Inna lillahi. Wallahi ban sani ba, 'yata. Allah ya yafe mana, ke kuma ya yi miki albarka.

Hajiya daga Maraɗi: Amin. Ni alamar 清真 nake dubawa a ƙofa, qingzhen, ita ce halal ɗinsu. Shagunan taliyar Lanzhou suna ko'ina, sai dai wannan girkin arewa maso yammacin China ne. Wata Juma'a bayan mun fito daga Masallacin Xiaotaoyuan, wata tsohuwa Musulma ta kai ni inda ake soya ƙullin fulawa da naman shanu, ƙasansa ya yi ƙauri kamar ƙanzo. Ta nuna mini in fara huda gefe in hura, don romon yana ƙona harshe.

Ɗaliba a Shanghai: Alhaji, ka saita Alipay ko WeChat tun kafin ka taso, da waya kusan kowa ke biya. Kalmomi biyu kuma ka ajiye a wayar ka nuna wa mai girki: zhuyou, kitsen alade, da liaojiu, giyar girki.